Tsakanin "Ya Ƙi" da "Ya Noƙe"

Yau ba zancen taki ko na rigakafin dabbobi na zo da shi ba. Zancen kalma guda ce, ƴar ƙarama, mai harafi huɗu. Kalmar ita ce "noƙe". Kowa ya san ta, kowa yana faɗin ta. Amma ni sai da na yi hasara kafin in san nauyinta a kan takarda. Shi ya sa nake so in ba ku labarin, domin ku da kuka fara riƙa alƙalami yanzu kada ku faɗa ramin da na faɗa.

Ni manomi ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Mayahi. Ban shiga lakkol ina yaro ba. Da gemuna na koyi karatun boko, a ajin yaƙi da jahilci, cikin ranin 1978. Da dare muke zama, fitila guda a tsakiya, kowa da allonsa da alli. Da na iya haɗa baƙi da wasali, sai na zama mai rubuta wa mutanen garinmu wasiƙa. Wanda ɗansa ke Kano, wanda mijinta ke Legas ko Yamai, duk wurina suke zuwa. Ina jin kaina ƙwarai a lokacin. A ganina, tun da na iya rubuta abin da aka faɗa, aiki ya ƙare.

Shekarar El Buhari

Tsofaffinku sun san 1984. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye tun bai yi ido ba. A watan Afrilu na shekarar nan kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ta ba sai a 1986. Hatsin da muka saba samu daga kudu ya daina shigowa a fili. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Dabbobi suka rasa ciyawa. Kullum kuɗin hatsi yana hawa, kuɗin dabba yana sauka.

A gidanmu saniya guda ta rage. Ba ta Baba ba ce tun asali. Ta Inna ce, mahaifinta ya ba ta ita lokacin aurenta. Inna ta rasu shekara biyu kafin yunwar. Da aka yi rabon gado, mu manya muka yarda a bar wa autarmu saniyar. Yarinyar tana da shekara 6 a lokacin.

Bayan kaka sai ga wasiƙa daga Yayana da ke aikin ɗinki a Kano. Wani ɗan fatauci ya kawo ta, ta hanyar daji, don babu mota mai ƙetare iyaka a fili. Yaya ya ce a gaida Baba, a ce masa ya sayar da saniyar nan yanzu, tun tana da nama a jiki, a sayi hatsi a ajiye. Ya ce a ba shi amsa da gaggawa.

Na karanta wa Baba takardar a zaure bayan la'asar. Ya yi shiru. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya dubi wajen turken saniyar, ya dubi yarinyar tana wasa da ƙasa a ƙofar ɗaki. Can ya ce, "Uhm. Bari dai mu ga watan gobe."

Na ce, "Baba, mai tafiya da asuba zai tashi. Me zan rubuta?"

Ya ce, "Rubuta abin da ka gani, ɗan nan." Ya tashi ya tafi masallaci.

Na ɗauki alƙalami na rubuta: "Baba ya ƙi sayar da saniya." Na naɗe, na ba ɗan fatauci.

Abin da kalma guda ta jawo

Da takardar ta isa Kano, Yaya ya karanta, ya yi lissafinsa. Ya ce a ransa, mutumin da ya ƙi sayar da dabba a irin wannan shekara, lalle akwai sauran dami a rumbunsa. Hankalinsa ya kwanta. Kuɗin da ya tara don ya aiko mana sai ya zuba su cikin sana'arsa, da niyyar ya aiko da mai yawa daga baya.

Mu kuwa rumbu ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce. Muka koma ga anza. Wanda ya ci ta ya san wahalarta: sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan, kafin ɗacinta ya ragu. Saniyar ta rame har ana ƙidaya haƙarƙarinta. Da bazara ta yi, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ran nan Baba ya kira mahauci. Abin da aka ba mu bai kai rabin buhun hatsi ba. Da an sayar da ita bayan kaka, da ta ciyar da mu wata da watanni.

Allah ya sa ba mu rasa rai ba. Da daminar 1985 ta sauka, Yaya ya samu hanya ya zo gida. Da ya ga yadda muka koma, sai hawaye. Da dare ya zauna gaban Baba ya ce, "Baba, me ya sa ka ƙi shawarata?"

Baba ya ce, "Ni ban ƙi ba. Na san gaskiya ka faɗa. Amma saniyar ta marainiya ce. Ita kaɗai uwarta ta bar mata. Na rasa yadda zan ci dukiyarta in dubi uwarta gobe ƙiyama. Da na samu mai ce mini zai maya mata da wata, da a ranar na kai ta kasuwa."

Yaya ya juyo wurina ya ce, "Kai kuwa, don me ba ka rubuta mini haka ba? Da na sani, da na ɗauki alkawarin saniyar a wuyana, da kuma na aiko da abin da ke hannuna tun a lokacin."

Ban samu abin cewa ba. A ganina ban yi ƙarya ba. Baba bai sayar ba, na rubuta bai sayar ba. Na daɗe ina jin zafin abin, amma ban gane inda laifina yake ba.

Ranar da Mushe ya tsai da ni

A 1987 malamin da ke duba azuzuwan yankinmu ya ce duk wanda ya iya rubutu ya rubuto labari, na gaske ko na ƙirƙira, a karanta wa sababbin ɗalibai. Na rubuta labarin wani tsoho da saniyarsa a shekarar yunwa. Na sake sunaye, amma labarin gidanmu ne. Mushe ya karanta, yana kaɗa kai. Da ya zo wani layi sai ya ɗora yatsa a kai.

Ya ce, "Malam, tsohon nan naka, ya ƙi ne, ko ya noƙe?"

Na ce, "Mushe, ai duk ɗaya ne. Saniya dai ba ta je kasuwa ba."

Ya ce, "Ga saniya ɗaya ne. Ga tsohon ba ɗaya ba ne. In ka rubuta ya ƙi, mai karatu zai ce wannan tsoho mai taurin kai ne, ya fi son dabba da ƴaƴansa. Zai ji haushinsa, ya rufe takarda. In ka rubuta ya noƙe, mai karatu zai tsaya ya ce: to, me ke riƙe da shi? Zai ci gaba da karatu don ya ji dalili."

Jikina ya yi sanyi. Tambayar nan, "me ke riƙe da shi?", ita ce Yaya bai yi ba. Ni na hana shi yin ta. Na rufe masa ƙofa da kalma guda.

Kalmomin sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne

Tun ran nan na shiga lura. Hausa tana da kalmomi da yawa na mutumin da ba ya son yin abu. Ku da kuke zaune da dabbobi kun fi kowa sanin bambancinsu.

Jaki in ya zo bakin ruwa ya kafe ƙafafu, ko an buge shi ba ya motsi, sai mu ce ya turje. Wannan faɗa ne a fili.

Saurayin da aka tayar ya tafi gona, ga ƙarfi ga lafiya, ya juya ya ci gaba da barci, wannan ƙyuya ce. Babu wani dalili a cikinta sai son jiki.

Wanda ya ce "to" a wurin gayya, amma sai rana ta take ya iso da hauya a kafaɗa, wannan jan ƙafa yake yi. Bakinsa ya yarda, ƙafarsa ba ta yarda ba.

Wanda ya ce "a'a" ƙarara, ya tashi ya kaɗe rigarsa, shi ne ya ƙi. Maganarsa ta yanke.

Noƙewa kuwa ku dubi kunkuru. In ya ji motsi sai ya mai da kansa cikin ƙoƙonsa. Bai gudu ba, bai yi cizo ba, yana nan inda yake. In wuri ya yi shiru, ya ga babu cuta, zai sake fito da kai. Haka yaro ke yi in baƙo ya miƙo masa alewa. Yana so, yana tsoro, sai ya noƙe bayan uwarsa yana leƙe. Mai noƙewa zuciyarsa biyu ce. Abu guda yana jan sa gaba, wani yana jan sa baya. Baba yunwar ƴaƴansa tana jan sa kasuwa, amanar marainiya tana riƙe da shi a gida.

Yadda masu rubuta labari ke aiki da ita

Mai rubuta labari ba kamar mai rubuta rasit ba ne. Mai rasit abin da ya faru kawai yake sawa: an saya, an biya. Mai labari kuwa yana so ka ga cikin mutum. Shi ya sa kalmar nan take da daraja a wurinsa. Ga abu uku da na koya game da ita.

Na farko, noƙewa tana riƙe mai karatu. In an aiki mutum a labari ya ce "to" ya tafi, babu abin jira. In ya ce "a'a" ya zauna, nan ma magana ta mutu. Amma in ya noƙe, kowa zai kasa kunne, don ba a san inda zai faɗa ba. Ku dubi littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta, ya fara fitowa a Zariya a 1937. A littafi na farko sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida tare da wani aku. Musa yana so ya fita ya bi su. Akun ya san akwai makirci a waje, ba ya so yaron ya fita. Amma bai tsaya gabansa ya hana shi da ƙarfi ba, don aku ba ya da ƙarfin hana ɗan sarki. Sai ya riƙa jawo labari bayan labari, har gari ya waye. Da akun ya ƙi ƙarara tun daren farko, da Musa ya ture shi ya wuce. Da ya yarda, da yaron ya halaka. Tsakanin yarda da ƙi ne duk labaran nan suka samu wurin zama.

Na biyu, kalmar ba ta tafiya ita kaɗai. In ka rubuta mutum ya noƙe, ka ci bashi, sai ka biya. Biyan shi ne ka nuna dalili, ko nan take ko can gaba. Kuma ka nuna jikinsa, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Ku gwada waɗannan layuka biyu. Na ɗaya: "Tsoho ya noƙe." Na biyu: "Tsoho ya noƙe. Ya dubi saniyar, ya dubi yarinyar, ya ce a bari sai watan gobe." Na biyun bai fi na ɗaya wuyar rubutu ba. Babu wata babbar kalma a cikinsa. Amma wanda ya karanta shi ya ga tsohon da idonsa.

Na uku, ba a yawaita ta. Kamar kanwa ce a miya, kaɗan ta isa. In kowa a labarinka yana noƙewa, sarki ya noƙe, bara ya noƙe, ɓarawo ma ya noƙe, kalmar ta zama banza. Ka ajiye ta sai wurin da zuciyar mutum ta rabu biyu da gaske. In daga baya ya aikata abin, akwai abokiyar tafiyarta, wato "da ƙyar". Sai ka ce: "Da ƙyar ya kwance igiyar ya miƙa wa mahauci." Mai karatu ya san an yi, ya kuma san ba da daɗin rai aka yi ba.

Na koma gida na gyara labarina. Da aka karanta shi a aji, wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, bawan Allah mai amana." Ba wanda ya ce masa mai taurin kai. Tsohon dai shi ne, saniyar ita ce. Kalma guda aka sake.

Kalmar tana iya zama mayafin ƙarya

Kada ku ce to, daga yau kullum "noƙe" za mu rubuta, tun da ta fi taushi. A'a. Akwai inda taushin nan yake zama zalunci. Wannan ma a gidanmu na gani.

A 1996 autarmu ta kai shekara 18. Baba ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maganar aurenta ta koma hannun Yaya a Kano. Wani mai kuɗi, wanda ya girme ni, ya aiko yana so. Baffanmu ya karɓi goro, ransa ya yi fari. Da aka faɗa wa yarinyar, ta ce ba ta so. Ta faɗa gaban Goggo, ta faɗa gabana. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Baffa ya kira ni ya ce, "Ɗauko takarda ka rubuta wa yayanka. Ka ce an yi mata magana ta ɗan noƙe, irin ta ƴan mata. Ka san kunya."

Na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Ba noƙewa ta yi ba. Ƙi ta yi."

Ya ce, "Yaro, wace budurwa ka taɓa ji ta ce tana so? Duk haka suke yi."

Gaskiya ne, ƴan matanmu suna da kunya. Amma mun san noƙewar kunya. Wadda ke so, in an ambaci sunan saurayin, sai ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki, ana jin dariyarta da ƙawaye. Tuwonta kuwa tana ci. Wadda ba ta so, kuka take yi a ɓoye, tana ramewa, kuma in an tambaye ta a keɓe za ta faɗa. Da na rubuta "ta noƙe", Yaya zai yi murmushi ya ce a ɗaura. Kalmar da ta wanke Baba ita ce za ta ɗaure ƙanwata.

Na tafi wurin limaminmu na ba shi labari. Ya tuna mini da wata mata a Madina mai suna Khansa'u, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba ta so. Ta kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kuwa warware auren. Liman ya ce in rubuta abin da na gani, shi zai je ya lallashi Baffa.

Na rubuta wa Yaya: "An yi mata magana. Ta ƙi. Ba kunya ba ce. Ta faɗa da bakinta gaban Goggo da gabana, kuma ba ta cin abinci." Amsa ta zo cewa a mai da goro. Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Daga baya ya huce. Bayan shekara guda ta auri wanda take so, wani manomi na ƙauyen gaba da mu. Ranar da aka kai ta, Yaya ya cika alkawarin da bai samu ɗauka ba a 1984: ya sa aka ɗaure mata karsana a ƙofar ɗaki. Yau tana da jikoki.

Abin da nake roƙon ku

Ƴan uwa, magana ta baki tana da mataimaka. Akwai murya, akwai fuska, akwai hannu. In ka yi kuskure, mai sauraro yana gabanka, zai tambaye ka. Takarda kuwa ita kaɗai take tafiya. Wanda ya karɓe ta a Kano ko Agadas ba ya ganin fuskar kowa. Abin da ka sa, shi zai ɗauka.

Saboda haka, in za ku rubuta cewa wani bai yi abu ba, ku dakata kaɗan. Ku tambayi kanku: ƙi ya yi, ko noƙewa? In ƙi ne, ku rubuta ƙi, kada ku sassauta don a ji daɗi. In noƙewa ce, ku rubuta noƙewa, ku ƙara da abin da ke riƙe da shi. In ba ku gane ba, ku koma ku tambaye shi kafin mai tafiya ya tashi. Da na bi Baba masallaci ran nan na tambaye shi, da labarin ya sake.

Ku kuma lura da lanƙwasar harafi. Kalmomin nan biyu duk da "ƙ" mai ƙugiya ake rubuta su. In kuka manta ƙugiyar, "ƙi" ta zama "ki", wadda ake faɗa wa mace, kamar a ce ki zo, ki zauna. Sai mai karatu ya ruɗe.

Ga ɗan aiki ga masu zuwa aji. Kowa ya tuna ranar da shi kansa ya noƙe: ko ranar da aka ce ya sayar da akuya, ko ranar da aka ce ya kai ɗiyarsa lakkol, ko ma ranar da aka fara ce masa ya zo ya koyi karatu da furfurarsa. Ya rubuta layi biyar. Ya faɗi abin da ke jan sa gaba, da abin da ke jan sa baya, da inda ya ƙare. Ku karanta wa juna, ku ba malaminku ya aiko wa jarida da waɗanda suka fi kyau.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya kiyashe mu da irin 1984. Allah ya ba mu damina mai albarka, da lafiyar dabbobi, da alƙalami mai faɗin gaskiya. Amin.